Gurbi Talatin a Bayan Aji Huɗu

Duk taron da na je, in an gama gabatar da ni da dogon bayanin nan na farfesan fasahar koyarwa da wasannin koyo, sai wani matashi ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni da wace kwamfuta na fara aiki. Nakan ce masa da ƙasa na fara. Sai ya yi dariya, a zatonsa barkwanci nake yi. To, ba barkwanci ba ne. Na'urata ta farko gurbi talatin ne da na haƙa da hannuna a bayan aji huɗu, a wata firamare a Illela, cikin shekarun nan na tamanin da aka rufe boda. Ita ɗin ma sai da na yi mata kuskuren da ya sa rabin gari ya yi mini dariya ban sani ba.

Bari in fara da Baba, don in ba a san shi ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai yi maganata sai ya ce "wancan", ranar da ransa ke da daɗi ya ce "yaron ga". Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayarsa da ke aure a Amarawa. A hannunta na tashi, ita ta sa ni boko, ita ce kuma mai kai saƙo tsakanina da shi. Ko bayan na gama kwalejin horon malamai an turo ni Illela koyarwa, na tare a shagon ƙofar gidanmu, in Baba yana son gaya mini abu sai ya jira Lahadi Gwaggo ta shigo kasuwa. Ya gaya mata, ita kuma ta yi taku goma ta gaya mini. In na ba yaran yanzu wannan labari sai su ce ai ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, amma ƙarya nake in na ce ba ta da ciwo.

Baba ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, rumfa ɗaya a Illela ɗaya a Ƙonni, tsallaken boda cikin Nijar. Da aka rufe boda, rumfar Ƙonni ta kwanta, sai ya samu lokacin abin da ya fi so a duniya bayan salla, wato dara. Akwai wani itacen dogon yaro kusa da tasha, a ƙarƙashinsa dattawa suke zama daga hantsi zuwa azahar, su koma bayan la'asar. A nan Baba ya zama abin tsoro. Har daga Gidan Katta ake zuwa a gwada shi, a koma ana kakkaɓe riga ba magana. Sauran mutane da tsinke ko ƙwallon dabino suke wasa, shi kuwa yana da fararen duwatsu goma sha biyu a wata 'yar jakar fata, sun yi sumul saboda shan hannu. Ba mai taɓa masa su.

Ni ban taɓa zama a wurin nan ba. Ɗan fari ba ya zama inda ubansa yake zaune. In zan wuce makaranta sai in bi ta ɗaya gefen hanya, in rusuna in yi gaisuwa daga nesa, abokansa su amsa, shi ya ci gaba da kallon ƙasa. Iyakar abin da na sani game da dara shi ne abin da ido ke ɗauka daga tsallaken titi: layi biyar, kowane layi gurbi shida, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Na ɗauka ke nan na san dara. Allah ya yafe mini.

A lokacin akwai magana ɗaya da ta tsaya mini a wuya. Na nemi gurbin karatu a jami'a a Sakkwato, fannin ilimi, kuma an ba ni. Takardar tana cikin akwatina a ƙarƙashin rigar salla. Amma Baba ya riga ya yanke hukunci, Gwaggo ta kawo mini shi da ɗuminsa: ranar da aka buɗe boda, ni zan tsallaka in riƙe rumfar Ƙonni. Malanta dai zaman jira ce.

"Ya ce karatun da kay yi ya isa auna yadi," in ji Gwaggo, tana ɓare gyaɗa ko kallona ba ta yi.

Na ce, "Gwaggo, shekara biyar na yi a kwaleji don in auna yadi?"

Ta ce, "Ni ma haka nac ce mai. Ya ce yadin na yab biya kwalejin."

Ba yadda za a yi in tafi ba da yardarsa ba. Ba tsoron duka nake ba, na wuce nan. Ina dai ganin karatun da uba bai sa wa albarka ba, ko an yi shi ba zai zauna a kai ba. Don haka takarda tana akwati, ni ina aji, muna jiran ranar da za a buɗe boda kamar masu jiran hukunci.

Aji huɗu kuwa suna neman kashe ni da baƙin ciki. Lissafin sau suke yi da waƙa. In na ce a fara, sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, har da rangaji, ana jin su daga bakin kasuwa. Amma ka tsayar da yaro ɗaya ka ce masa bakwai sau takwas nawa, sai ya ɗaga kai sama ya koma farkon waƙar, yana motsa baki, in ya yi tuntuɓe a tsakiya shi ke nan an tashi. Ni kuma a lokacin ina da zuciya, har yanzu ma iyalina za su ba da shaida. Wata rana na buga sanda a tebur har ta rabe biyu. Na tsaya da guntuwar sanda a hannu ina huci, bakwai sau takwas kuma tana nan inda take.

Da rana a hanyar komawa gida na juya zan yi gaisuwa a tsallaken dogon yaro kamar kullum, sai idona ya faɗa kan gurabun dara babu kowa a kansu, an tashi salla. Layi biyar, gurbi shida-shida. Na tsaya ina kallo. Biyar sau shida ke nan kwance a ƙasa, talatin, ba waƙa ba rangaji. Duk gurbin da ka nuna, mahaɗar layi biyu ne, na tsaye da na kwance. Na tafi gida ban ci tuwon rana da daɗi ba.

Washegari na fitar da aji huɗu bayan aji, inda rairayi yake da laushi. Na haƙa gurbi talatin. Na tattaro sakaina, na rubuta lambobi da gawayi a jikinsu, na jera biyar a gefe, shida a sama. Dokata ɗaya ce: kafin ka sa ɗanka a gurbi, sai ka faɗi lambarsa, wato lambar gefe sau lambar sama. In ka faɗi ba daidai ba, ko ka sa ba ka faɗa ba, ka ɗauke ɗanka, ka rasa hannu. Wanda ya jera uku ya ci. Ɓangare ɗaya da tsinke, ɗaya da ƙwallon aduwa. Kullum in canza wa sakainun wuri don kada a haddace.

Abin da na gani cikin mako biyu, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Yaron da ba ya iya bakwai sau takwas don ni, sai ga shi ya iya don kada a ci masa tsinke. Suka riƙa zuwa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Gurbi talatin ya zama wuri shida, bayan aji ya koma kamar inda kaji suka yi tono. Akwai wata yarinya, 'yar mai fura, ita ce mafi gajarta a ajin kuma mafi kaifin baki. A da ko sunanta ba na ji sai wajen kiran rajista. A wurin dara ta zama alƙaliya, ba mai sa tsinke a ɓoye ta ƙyale shi.

Hedimastanmu mutumin Sakkwato ne, ɗan gidan ma'aikata, kakansa ma magatakarda ne. Mutum ne mai son komai a rubuce. Ya zo ya tsaya a kanmu hannu a baya, ya daɗe, sannan ya ja ni gefe.

"Malam, wannan yana cikin manhaja?"

Na ce, "Yallaɓai, lissafin sau yana ciki."

Ya ce, "Ramun fa?"

Na ce ya zaɓi yaron da ya ga dama ya tambaye shi. Ya zaɓi wani da ya san ba ya ja, ya ce masa shida sau tara. Yaron ya kalli ƙasa, ya ce hamsin da huɗu. Hedimasta ya gyara hula. Ya ce in ci gaba, amma ranar da masu duba makarantu za su zo a share wurin da tsintsiya.

Ina cikin jin kaina a sama sai ga Gwaggo ranar Lahadi, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kai, mi kaka yi makaranta da ɗiyan mutane? Ubanka ya ce ka ba shi kunya da darar ga taka. Kwana ukku bai tai wurin abokanai ba."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce wato shi ya wuni yana dara a bakin tasha ba kunya ba ce, ni da na mayar da ita karatu ni ne abin kunya. Na ce in so yake ya samu hujjar tura ni Ƙonni, ya faɗa kawai, ba sai an bi ta bayan gida ba. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan maimaita ba. Gwaggo ta bar ni na gama.

Ta ce, "To, ni ban san dara ba, mata ba su yin ta. Abin da anka ba ni na kawo. Wannan haukan naka kuwa ba ni kai shi, ka riƙe abinka."

A makon nan aka fara raɗe-raɗin za a buɗe boda. Direbobi suka fara wanke motoci, Baba ya sa aka fito da dilolin atamfa ana shanyawa a tsakar gida. Ni na daina buɗe akwatina. Na ce a raina an gama, sai dai in ƙarasa zangon nan da yarana, in koyi auna yadi.

Ranar Laraba da hantsi muna bayan aji, wasa ya yi zafi, sai na ga yaran da ke fuskantar ƙofa sun miƙe tsaye. Na juya. Baba ne, da babbar riga da jakar fatarsa a hannu, hedimasta na biye da shi yana ta sannu da zuwa Alhaji. Tunda aka gina makarantar nan Baba bai taɓa taka ta ba. Na rusuna. Bai kalle ni ba. Ya tsaya a kan gurabun da ke kusa, ya ce yaran su ci gaba.

Suka ci gaba a tsorace. Wani yaro ya faɗi lambarsa daidai, ya dasa tsinke na uku a layi tun ba a gama dasa 'ya'ya ba, ya miƙa hannu ya ɗauke ƙwallon aduwa ɗaya. Sai na ji Baba ya ja tsaki. Ya juya wajen hedimasta, ni ina tsaye taku biyu daga gare shi.

"Hedimasta, ka tambayi malamin ga naka, wa yak koya mai wagga dara?"

Hedimasta ya juyo gare ni da gaske, kamar ban ji ba. "Malam, Alhaji yana tambaya wa ya koya maka."

Na ce, "Yallaɓai, a gaya masa ba wanda ya koya mini. Daga nesa na gani."

Baba ya ce, "Ai ga alama. Ka hwaɗa mai ba a ci sai an ƙare dasawa. Wanda yaj jera ukku lokacin dasawa ya ɓata wasa. Kuma huɗu a layi ba ci ba na. Ran nan wani yaro ya zo bakin tasha shina gardama da dattijo sa'an kakanai, wai huɗu ta fi ukku, malaminsu yac ce. An tambaye shi wane malami, ya nuna gidana."

A nan na gane komai, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe ba kawo dara makaranta ne ya dame shi ba. Abin da ya hana shi zama cikin abokansa shi ne, ɗan gidan gwanin darar Illela yana koya wa yaran gari karkatacciyar dara, kuma wata guda ana yi masa ba'a da ita. Na so in ce da gangan na sauƙaƙa dokar saboda yara. Har maganar ta zo bakina. Amma ƙarya ce, kuma yara arba'in suna kallona.

Na ce, "Yallaɓai, a gaya masa ban sani ba. Kuskurena ne."

Baba ya ajiye jakar fatarsa. Ya tattare babbar riga ya tsuguna a rairayi. Ya shafe gurabuna da tafin hannu, ya sake haƙa su, layi ya miƙe kamar an ja da zare. Ya mayar da sakainun lambobi inda suke, ɗaya bayan ɗaya, bai canza ko guda ba. Sannan ya kwance jakar fata ya zazzage fararen duwatsunsa. Ya ce wa hedimasta shi ɗaya, aji duka ɗaya, a yi dara ta gaskiya.

Hedimasta ya ce, "Alhaji, akwai dokar faɗin lamba."

Ya ce, "Na jiya. A bar ta."

Yaran suka tura 'yar mai fura gaba ta zama hannunsu, sauran suka kewaye suna raɗa. Aka fara dasawa. Ban taɓa sanin Baba yana da lissafi haka ba, ko da yake wauta ce in yi mamaki, mutumin da ya shekara talatin yana sayar da yadi. Takwas sau shida, arba'in da takwas, dutse ya sauka. Bakwai sau tara, sittin da ukku, dutse ya sauka. Ko numfashi ba ya ja. Ina tsaye a bayansa ina jin wani irin alfahari da ban san inda zan sa shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa yaran ne. Da yake yanzu ba a ci lokacin dasawa, dole su yi tunanin gaba. Sai na ji suna raɗa, kada ki sa a talatin da biyar, in ya matsa daga arba'in da biyu zai rufe mu, sa a ashirin da takwas. Gurabun da ba a taɓa ba ma suna kiran lambobinsu. A darata ta karkace, yaro lamba ɗaya yake lissafawa ya cafke. A darar Baba sai ya lissafa huɗu ko biyar kafin ya motsa. Wato dokar da na yar saboda jahilci ita ce ta fi tawa koyarwa.

Aka gama dasawa aka shiga tafiya. Can yaran suka haɗa wani tarko, saura motsi ɗaya su jera uku. Baba ya gani. Hannunsa ya riga bakinsa, kamar yadda ya saba a bakin tasha shekara da shekaru, ya ja dutse ya toshe gurbin. Bai faɗi lamba ba.

'Yar mai fura ta ce, "Baba Alhaji bai hwaɗi ba."

Wani yaro ya ja mata gyale. Hedimasta ya yi tari, ya ce ai Alhaji baƙo ne, a bar masa wannan. Amma yaran ba hedimasta suke kallo ba, ni suke kallo, don ni na kafa dokar, kuma wata guda ban taɓa ɗaga wa kowa ita ba. Na san in na ɗaga ta yau, gobe ba wanda zai sake faɗin lamba. Na kuma san mutumin da ke tsugune a gabana shi ke riƙe da makomar takardar da ke akwatina, kuma yanzun nan ya gama nuna wa duniya ban san komai ba.

Na ce, "Yallaɓai, doka ta ce wanda bai faɗa ba ya mayar da ɗansa, ya rasa hannu."

Na faɗa ina kallon takalmin hedimasta. A raina na ce shi ke nan, Ƙonni ta samu mai auna yadi.

Baba ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya sa yatsa biyu ya ɗauke shi ya mayar inda ya fito.

Ya ce, "Gaskiyar yarinya. Doka ta malam ta."

Yarinyar ta faɗi lambarta da ƙarfi, hamsin da shida, ta jera uku, ta miƙa hannu ta ɗauki farin dutsen Baba. Duwatsun da ba mai taɓawa. Aji ya ɓarke da ihu har malamin aji biyar ya leƙo ta taga. Bayan nan kam Baba ya gyara zama ya cinye su tas, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin kowace lamba a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Da aka gama ya karɓi dutsensa, ya ɗaure jaka, ya kakkaɓe riga, ya yi wa hedimasta sallama ya tafi. Ni ko kallo ban samu ba.

Kwana huɗu na yi ban san matsayina ba. A gida ba abin da ya canza, in na gaishe shi ya amsa wa bango. Ranar Lahadi Gwaggo ta shigo, ta daɗe a wajensa fiye da yadda ta saba. Da ta fito ta zauna a bakin gadona ta ce in ba ta ruwa, ta sha, ta ce ruwan ba sanyi, ta tambayi wa ke yi mini wanki. Na ce Gwaggo don Allah. Sai ta kamo hannuna ta buɗe, ta sa mini abu mai sanyi a ciki. Farin dutse ne guda ɗaya.

"Wanda anka ci mai na. Ya ce ka tai da shi Sakkwato. Ƙanenka shi riƙe Ƙonni."

Na damƙe dutsen a tafin hannuna. Ta ce, "Da saura. Ya ce in za ka koya ma ɗiyan mutane abu, ka fara zuwa ka tambayi masu shi, ka bar leƙe daga tsallaken hanya." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Kuma ka share hawayen ga, ƙato da kai."

Na tafi a farkon zangon karatu. Daga nan hanya ta yi tsawo: digiri, wani digirin, koyarwa a jami'a, darussan rediyo, kaset, har aka zo zamanin kwamfuta da waya. Na ƙirƙiri wasannin koyon lissafi da karatu da ba zan iya tuna adadinsu ba, wasu sun yi aiki, wasu sun mutu a ɗakin gwaji, kuma ina alfahari da aikin nan ba tare da wani noƙe-noƙe ba. Ɗalibaina sun san ni da doka ɗaya da suke ƙorafi a kanta a bayan idona. Duk wanda ya zo mini da shirin mayar da carafke ko langa ko gala-gala wasan koyo, ba na duba takardarsa sai ya je ya zauna da masu wasan, ya yi da su har sun cinye shi sau da yawa. Wasu suna ganin mugunta ce. Nakan nuna musu farin dutsen da ke kan teburina kusa da kwamfuta, in ce su je su dawo tukuna.

Baba bai taɓa yi mini maganar karatuna ba, ko sau ɗaya. Ranar da na zama dakta, Gwaggo ce ta kawo saƙo wai ya ce madalla. Ranar da na zama farfesa Gwaggo ta riga ta rasu, don haka ba saƙon da ya zo. Na saba, na kuma ɗauka iyakar abin da zan samu ke nan.

Da ya rasu muna zaman makoki a ƙofar gida, sai wani tsoho daga cikin abokan dararsa ya matso kusa da ni, ya ajiye mini jakar fatar a cinya. Na kwance. Fararen duwatsu goma sha ɗaya, da ƙwallon aduwa guda, ya yi baƙi ya yi sumul.

Tsohon ya ce, "Mun sha ce mai shi nemi wani dutse shi cika, ya ƙiya. Kullum da aduwar ga shika fara dasawa, tsakiyar fili, inda kowa ka gani. In baƙo na, dole shi tambaya, Alhaji ina na sha biyun? Shi ko abin da shika jira ke nan."

Na ce, "Sai ya ce me?"

"Sai shi gyara zama shi ce, shina jami'a wurin Malam. In an ce wane Malam, sai shi ce, wani na nan gidanmu, shi ka koya ma malamai koyarwa. Daga nan ba a dara sai ya ƙare ba da labarin yarinyar da tac ci shi. Mu da muka zama da shi kullum, mun ji shi ya fi sau dubu."

Na mayar da duwatsun cikin jaka, na ɗaure bakinta. Da na koma Sakkwato na ajiye ta a kan tebur kusa da na sha biyun, amma ban haɗa su ba. Aduwar tana ciki inda ya bar ta.